Esin Camry: gefen direba ɗumi, gefen fasinja sanyi. Risetin zai gyara?

"Assalamu alaikum Oga. Ina da Camry Muscle 2008 XLE, irin mai esi otomatik ɗin nan da kake saita lamba. Tunda na canja batir sati uku da suka wuce gefena na direba yake huro iska mai ɗumi, gefen fasinja kuwa da sanyinsa daidai gwargwado. Da dare ko da sassafe abin yana ɗan yin dama-dama, amma da rana sai a hankali. Na kai wajen mai gyara yace sai an sauke dashbod, wani kuma yace kwamfireso ne ya gaji, abokina yace risetin kawai yake so. Don Allah ya ake risetin ɗin, kuma maganar wa zan bi?"

Wa alaikumus salam Malam, sannu da fama da wannan zafin. In na fahimce ka da kyau, esin bai mutu ba, yana kamawa, sai dai sanyin ya rabu biyu, kuma abin ya zo daidai da canjin batir. Toh zan gaya maka yadda ake risetin ɗin saboda minti biyar ne kuma ko sisi ba za ka kashe ba, amma tun yanzu ka sani cewa risetin baya ƙara gas, baya ɗinke giyar da ta karye, baya raya sensar da ta mutu. Abu ɗaya yake yi, ya sa kwamfutar esin ta sake gane inda ƙofofin iskarta suke. Kuma daga yadda ka kwatanta, musamman maganar nan ta da dare dama-dama da rana sai a hankali, hankalina ya fi karkata ga ƙarancin gas fiye da duk abin da mutanen nan uku suka faɗa maka. Kar ka bari a taɓa dashbod ɗin nan sai an bi matakan da zan zayyana.

Yadda esi otomatik yake tunani

Esin gargajiya mai murɗawa kai ne ƙwaƙwalwarsa, in ka ji zafi ka ƙara, in sanyi ya yi yawa ka rage. Naka kuwa yana da ƴar kwamfutarsa a bayan dashbod, Toyota suna ce mata amfilifaya, ita ce ke yanke hukunci. In ka saita 72, don motarka ƴar Amurka ce lambobin nata na Farenhait ne, wato kusan digiri 22 a namu lissafin, sai ta tambayi sensocinta. Akwai wadda ke auna zafin cikin mota, tana bayan wata ƴar raga kusa da gwiwar direba a ƙasan sitiyari. Akwai ta zafin waje, a gaban kwandensa, wato faffaɗan ƙarfen da ke gaban lagireto yana fitar da zafin gas, bayan bamba. Akwai ta hasken rana, wani ɗan ƙullutu a saman dashbod kusa da gilashin gaba. Akwai ta jikin ibaporeta, wato ƙarfen da ke cikin dashbod wanda gas ke sanyayawa iska ta ratsa shi, wadda ke hana shi yin ƙanƙara, sai kuma ta firesha a jikin fayif ɗin gas. Daga amsar da suka bata sai ta lissafa ƙarfin fankar ciki, ta inda iska za ta fito, da kuma yawan iskar da za ta bi ta cikin hita kafin ta iso gare ka.

Wannan na ƙarshen shi ne mutane basu sani ba. Duk iskar tana fara bi ta ibaporeta ta yi sanyi, sannan wata ƙofa ta karkatar da wani kaso ya ratsa hita, wadda ruwan lagireto mai zafi ke zagayawa a cikinta, sai a gauraya. Ƙofar nan ɗan ƙaramin injin lantarki ne mai giyoyin roba yake juya ta, shi muke cewa akcuweta. A XLE ɗinka ƙofar gaurayawa biyu ce, ta direba daban ta fasinja daban, shi ya sa akwai madannin DUAL. Kaga kenan gefe ɗaya zai iya ɗumi ta hanya biyu: ko ƙofar gefen ta maƙale tana sako iskar hita, ko kuma tun asali iskar gefen bata samu sanyin kirki ba daga ibaporeta. Aikinmu shi ne mu raba waɗannan biyun.

Fara tambayar motar da kanta

Motar nan tana da hanyar faɗar ciwonta ba tare da an jona sikana ba, kuma abin takaici da yawan masu gyara basu taɓa gwadawa ba. Ka fito da ita cikin rana, kar ka yi a rumfa. Kashe mota. Danne AUTO da madannin juya iskar ciki, mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe ɗin nan, ka riƙe su tare, sannan ka murɗa makulli zuwa ON, inda fitilun mita ke kamawa. Fitilun fuskar esin za su yi ƙyafta-ƙyafta sau huɗu, sai ka saki. Lamba za ta fito a inda lambar sanyi take fitowa. In 00 ce, kwamfutar bata ga laifi a wayoyi da sensocinta ba. In akwai matsala fiye da ɗaya za su riƙa fitowa bi da bi daga ƙarama zuwa babba, ka ɗauki bidiyo da wayarka don kar ka manta.

11 sensar cikin mota ce, 12 ta zafin waje, 13 ta ibaporeta, 23 firesha ce wato ko gas ya yi ƙasa sosai ko ya yi sama ko sensar ce da kanta. 21 da 24 na hasken rana ne, kuma su biyun nan suna fitowa ko lafiyarsu ƙalau in motar tana inuwa ko gareji, dalilin da yasa nace ka fito rana kenan, an sha sayar wa mutane sensar da basu buƙata saboda wannan. 41 akcuwetar gaurayawa ce ta gefen fasinja, 46 ta gefen direba, 42 ta ƙofar iskar waje da ta ciki, 43 ta wadda ke zaɓar fuska ko ƙafa ko gilas. A sikana lambobin nan dai ne amma da B14 a gabansu, 46 ta zama B1446. Kai wadda za ka sa wa ido ita ce 46.

Kana cikin wannan yanayin, in ka sake danna madannin juya iskar ciki, esin zai shiga gwajin ƙofofinsa, ya riƙa canja ƙarfin fanka da mafitar iska da zafi da sanyi mataki-mataki da kansa. In ya yi maka sauri danna madannin cire hazon gilashin gaba na jikin esin, sai ya koma duk dannawa ɗaya mataki ɗaya. A nan ka kashe rediyo, ka sunkuya ka kai kunne kusa da inda ƙafarka ta dama take zama. Lafiyayyar akcuweta ƙararta siririya ce, zuuu, ta tsaya. Wadda giyarta ta cinye za ka ji ƙat-ƙat-ƙat kamar tana tsallake haƙori, wadda ta mutu kuwa shiru. In injin yana kunne ya ɗau zafi ka sa hannu ɗaya a hancin iskar direba ɗaya a na fasinja, ya kamata su tafi zafi tare su dawo sanyi tare. In ka gama danna OFF ka fita. Goge tsofaffin lambobi kuma, kana kan allon lambobin ka danne madannin cire hazon gilashin gaba da na baya a tare, sai ka sake gwajin ka ga wacce ta dawo, don wadda ta dawo ita ce ciwon yanzu.

Risetin ɗin da kansa

Akcuwetocin wannan Camry ƙirga motsinsu suke yi, kwamfutar tana sanin inda ƙofa take ne ta lissafin yawan juyin da ta yi daga ƙarshen tafiyarta. In wuta ta yanke ta dawo ba daidai ba, musamman in an canja batir ana ta tartsatsi da kan batir ko an yi jampa da wata mota, lissafin yana iya rikicewa, ta ɗauka ƙofa ta rufe alhali da saura. A nan maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya. Kashe mota ka zare makulli, ka cire kan batir na nagatif, ka bar shi kamar minti biyar, ka mayar ka ɗaure shi tamau. Murɗa makulli zuwa ON ba tare da ka tada inji ba, kuma kar ka taɓa ko madanni ɗaya na esin na tsawon minti ɗaya zuwa biyu. Za ka ji motsi a cikin dashbod, ƙofofin ne ke zuwa ƙarshe su dawo. Sai sun yi shiru ka tada mota. In akwai mai sikana mai kyau kusa da kai, akwai wurin da ake ba da wannan umarnin kai tsaye ba sai an cire batir ba. Ka sani agogo da tashoshin rediyo za su goge, silo ma zai iya ɗan rawa na ɗan lokaci kafin ya daidaita, ba wani abu bane.

In bayan wannan sanyi ya daidaita kuma ya zauna, shikenan ka huta. In ya gyaru kwana biyu ya koma, akcuwetar ce ke kan hanyar mutuwa, cikinta ya yi datti ko ya goge tana ɓatar da ƙirga. In ko babu abin da ya canja kwata-kwata kuma 46 bata fito ba, toh mu je inda nake zargi.

Dalilin da yasa nake zargin gas

Ibaporeta guda ɗaya ce a motar, amma gas ɗin ba lokaci ɗaya yake cika ta ba, ta gefe yake shiga ya zagaya ya fita. In gas ya cika daidai duk faɗinta sanyi ne. In ya ragu, ruwan gas ɗin yana gama tafasa tun bai kai ƙarshen zagayen ba, sai rabi ya yi sanyi rabi ya zauna haka nan. A Camry da Avalon da ma Honda Accord masu sitiyari a hagu irin namu, rabin da ake bari a baya yawanci shi ne mai ba direba iska. Shi ya sa wannan ciwon na direba ɗumi fasinja sanyi ya zama ruwan dare, kuma a yawancin waɗanda suka shigo hannuna da shi gas ne, ba akcuweta ba.

Ga kuma abin da ka faɗa da bakinka. Ƙofar da ta maƙale bata san dare ko rana ba, in tana sako iskar hita to ko ƙarfe biyun dare zafi za ka ji, kuma sau da yawa zafi ne na gaske irin na hita ba ɗumi-ɗumi ba. Amma ƙarancin gas yana ɓoyewa in gari da sanyi, don ɗan abin da ya rage ya isa aikin, sai rana ta take a fara neman digiri 40 sannan asirinsa ya tonu. Canjin batir ɗin zai iya zama dacewa ce kawai, gas ya daɗe yana zurarewa a hankali tun lokacin hunturu baka lura ba sai da bazara ta shigo.

Gwaji mai sauƙi: tada mota, kashe DUAL, sauke lamba har ta nuna LO, fanka ta kai ƙarshe, iskar ciki tana juyawa. A LO kwamfutar ta daina sauraron ra'ayin sensocin zafi, sanyi kawai take turawa iya ƙarfinta. Bi hancinan iskar guda huɗu da hannu daga ƙofar fasinja zuwa taka. In sanyin yana raguwa a hankali a hankali, na ƙarshen fasinja ya fi kowa, na ƙarshen direba ya fi kowa ɗumi, gas ne. In biyun fasinja sanyi ƙarara biyun direba zafi kamar an raba da wuƙa, ƙofa ce. Sannan buɗe bonet ka taɓa fayif mai kauri na alminiyam da ya fito daga jikin bangon inji ya nufi kwamfireso, ya kamata ya yi sanyi sosai har yana zufa. In sanyin nasa sama-sama ne, ka samu shaida ta biyu. In kuma a LO ko'ina sanyi ne lafiya amma da ka koma 72 sai abu ya lalace, to ba gas bane ba kwamfireso bane, sensa ce ke yi wa kwamfuta ƙarya.

Yanzu in gas ne, don Allah kar ka yarda da "bari mu ɗan ƙara". Gas baya ƙarewa kamar fetur, in ya ragu to akwai inda yake fita. A duba mahaɗan fayif da robobinsu, bakin bawul ɗin da ake ɗura gas, da fuskar kwandensa, duk inda ka ga danshin mai ya kama ƙura ya yi baƙi to nan ne. A gwada da naitirojin da ruwan sabulu ko a zuba kalar da ke haskawa da fitila. Bayan an toshe sai a ja bakyum, wato a zuƙe iska da danshin da ke cikin fayif, aƙalla rabin awa, a rufe a ga ko allurar gejin firesha za ta motsa, sannan a ɗura gas R134a a kan sikeli. Adadin yana rubuce a sitika a ƙarƙashin bonet, na wannan Camry wajen giram 500 ne, rabin kilo kenan, kaga ko giram 100 ya ɓace kaso ɗaya cikin biyar ya tafi. Ɗurawa da ido, ana taɓa fayif ana cewa ya isa, shi ke sa a cika ya wuce kima, firesha ta hau, esi ya riƙa yankewa a goslo. A geji, littafin Toyota yana neman gefen ƙasa, wato fayif mai kauri mai ƙaramar firesha, tsakanin 21 zuwa 36 psi, gefen sama, wato siririn fayif mai babbar firesha, wajen 200 zuwa 228, inji yana juyi 1,500 a minti, zafin iska tsakanin digiri 30 da 35. A zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi na watan Afrilu gefen saman zai ɗara haka, wannan ba laifi bane matuƙar fankokin gaba suna juyawa da ƙarfi kuma kwandensa a wanke yake. Ka kuma sa ido a kan gas ɗin da za a zuba maka, akwai jabu a kasuwa mai gauraye, yana sanyi ranar farko ya ci robobi da kwamfireso daga baya. Mai kuma ND-OIL 8 ne na kwamfireson Denso ɗin nan, ba kowane mai ba.

Abubuwan da ƙasarmu ke jawowa

Akwai ƴan abubuwa da sai a nan za ka gansu. Dashbod ɗin Camry na 2007 zuwa 2011 an san shi da narkewa ya yi danƙo a rana, don haka kusan kowa ya shimfiɗa masa kafet, kuma kafet ɗin sai ya rufe sensar rana ruf. Kwamfuta tana ganin dare ne alhali azahar ce, sai ta rage ƙoƙari. A huda wa sensar rami a kafet ɗin, magana ta ƙare. Sensar cikin mota kuma iska ake zuƙowa ta kanta ta wani siririn tiyo, ƙurar hunturu da audugar tufafi suna lulluɓe ta, in ka haska tocila ta ragar za ka ga kamar an naɗe ta da bargo, a hure ta a hankali. Ta zafin waje kuwa, motocin da suka shigo da bugun gaba aka gyara a Kwatano ko Legas sau da yawa ana barinta tana reto kusa da lagireto ko ma babu ita gaba ɗaya, duba lambar zafin waje da motar ke nunawa, in ta saɓa wa hankali ka san inda za ka nufa. Duk mai mitar awon lantarki zai iya auna ta cikin mota da ta zafin waje, a digiri 25 suna ba da wajen kilo-om 1.7, in suka ɗumama lambar ta sauka. Sai filtar iska a bayan akwatin gaban fasinja, da yawa tunda motar ta sauka daga jirgi ba a taɓa zaro ta ba.

Wani zai ce maka a toshe tiyon hita kawai a huta, ai mu bama buƙatar hita. Gaskiya in ƙofa ce ta maƙale zafin zai ɗauke, amma ka kashe otomatik ɗin kenan, don da hita yake daidaita sanyi, sannan ranar da ruwan sama ya kama ka a hanya gilas ya yi hazo za ka neme ta. Haka masu yi wa kwamfireso ko fanka dairek su tsallake sensa, wannan ni bana yi kuma bana ba da shawara, ibaporeta ta yi ƙanƙara ko firesha ta fasa tiyo duk daga nan ne.

Kwamfireso da sauke dashbod

Kwamfireson da ya gaji baya zaɓar gefe, duka motar ce za ta rasa sanyi, kuma geji zai nuna, gefen ƙasa ya hau gefen sama ya kasa tashi. Ko a hakan ma, na wannan motar irin mai canja ƙarfi ne da wani bawul na lantarki a jikinsa, mai silinda huɗu ma yawanci babu kulocin da za ka ji ya yi ƙas, don haka kar wani yace maka bai ji ya kama ba saboda haka ya mutu. Sau da yawa bawul ɗin ne ke maƙalewa kuma ana canja shi shi kaɗai. Wanda yace maka kwamfireso ne, tambaye shi lamba nawa ya gani a geji, in bai jona ba to hasashe yake.

Sauke dashbod yana da ranarsa, ranar da aka tabbatar ibaporeta ce ke yoyo, kuma a motar da aka ƙera a 2008 hakan yana faruwa. Alamarsa an bincika ko'ina a gaba babu yoyo amma firesha tana sauka, ko an ga kalar nan a ruwan da ke ɗiga ta tiyon ƙarƙashin mota. Haka in 46 ta dawo bayan risetin, an auna waya da soket lafiya, to akcuweta ce, a fara leƙawa ta ƙasa a ga iya abin da hannu zai kai kafin a yanke hukuncin kwance komai, a kuma juya ƙofar da hannu a tabbatar ba ita ce ta cije ba, in ba haka ba sabuwar ma za ta karye. In za ka sayi ta Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka tafi da tsohuwar a gwada lambar jikinta, don sun yi kama da juna amma ba ɗaya bane. Duk wanda zai kwance wajen kuma ya cire batir ya jira aƙalla sakan 90 saboda iyabag.

Ni dai ban ga motar ba, ban ji ƙararta ba, ban jona mata geji ba, don haka abin da na baka tsarin bincike ne ba hukunci ba, kuma yana yiwuwa ciwo biyu ne suka haɗu, gas ya ragu ga kuma akcuweta mai rauni. Madannan da na faɗa na Toyota ne irin naka, mai Honda ko Hyundai ko Peugeot kar ya ɗauka haka nasa yake, mai Camry haibirid kuma kwamfiresonsa na lantarki ne mai babbar wuta da mai na daban, ND-OIL 11, kar a kai shi inda za a zuba masa na gama-gari. Ka yi gwajin lambobin da na LO ɗin, in ka samu a jona geji da rana tsaka ka rubuto min lambobin gefe biyun da abin da hancinan iska huɗun suka baka, daga nan zan iya gaya maka ko kuɗin gas da roba za ka tanada ko na akcuweta.